Yadda Ake Zaɓen Gaskit da Gam Wajen Haɗa Injin Jirgin Ruwa

Kafin ka je kasuwa sayen gaskit ɗin kan silinda, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin murfin silinda da jikin inji don hana yoyo, ka kwafi lambar injin da ke jikin ƙaramin allon ƙarfen da aka manna masa, domin injinan Yamaha masu ƙarfin doki 40 ma suna da nau'o'i, kuma ramukan gaskit ɗinsu ba ɗaya ba ne. Ka tafi da tsohon gaskit ɗin, ka ɗora shi a kan sabon, ka tabbata kowane ramin ruwa da na ƙusa ya yi daidai. Gaskit ɗin da zoben da ke kewaye da ramin silindarsa ƙarfe ne marar tsatsa ya fi dacewa, musamman ga jirgin da ke shiga ruwan gishiri.

Daga nan ka kankare fuskar kan silinda a hankali, ka aza miƙaƙƙen ƙarfe a kanta ka duba ko ta lanƙwashe. Idan tsagar da ke tsakanin ƙarfen da fuskar ta wuce milimita 0.1, a fara kai ta a daidaita, don babu gaskit ɗin da zai toshe wannan gurbin.

A nan ne masu gyara da yawa suke kuskure: gaskit ɗin kan silinda a bushe ake sa shi, sai fa idan littafin injin ya ce a shafa wani abu. Gam ɗin silikon yakan matso ya toshe hanyoyin ruwan sanyaya inji, fetur kuma yana lalata shi. Inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ba gaskit, kamar ɓangarori biyu na gidan kiranshaf, wato sandar da fistan ke juyawa, ka shafa gam ɗin Loctite 518 kaɗan-kaɗan.

Sai ɗauri: ka fara daga ƙusoshin tsakiyar kan silinda zuwa na gefe, a zagaye biyu, da sifana mai auna ƙarfi.