Babi na 7: Facin Tampol ɗin Keke da Mayar da Robar Ƙofar Mota

Wannan babin na masu keke ne, wato adaidaita sahu, da yaran masu ɗinkin kushin, da duk wanda ruwa ke zubo wa fasinjansa a ka idan damina ta kankama. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013 adaidaita sahu ta cika titi, kuma ko Bajaj ce ko TVS rufin dai ɗaya ne, tampol aka ɗame a kan ƙarfe, rana ta gasa shi duk bazara sannan ruwan farko ya zo ya tona asiri. Motocin nan na 'yan gayu da ake naɗe rufinsu baya, irin su Mazda MX-5 ko tsohuwar Marsandi SL, su ma kusan aikin ɗaya ne, in an kawo maka irinsu kar ka tsorata, sai dai ka ƙara kula dan yadinsu akwai tsada.

Karanta a hankali. In ka iske kalmar da ta gagare ka sa yatsa a kanta ka tambayi na kusa da kai, babu kunya a aji.

Darasi na 1: Kayan aiki

Almakashi mai kaifi. Alli. Tef na awo. Basilla da zaren nailan, ba zaren ɗinkin riga ba, shi wannan ruwa na ruɓar da shi. Sanfefa mai laushi. Tsumma guda 2 masu tsabta, ɗaya na wanki ɗaya na gogewa. Sipirit. Guntun tampol irin na rufin naka, za ka samu wajen masu kushin, 'yan Kano a duba Ƙofar Ruwa, 'yan Kaduna Panteka. Sai gam, irin na gwangwani ruwan ɗorawa da masu gyaran takalmi ke amfani da shi. Ban ce sufa gulu ba. Sufa gulu idan ya bushe ƙandarewa yake yi, tampol kuwa motsi yake kullum da iska, sai wajen ya tsage kusa da facin ka koma gidan jiya.

Tef ɗin awo fuska biyu gare shi. Wadda lambobinta manya ne masu nisa da juna ita ce inci, da ita za mu yi aiki. Nemo lamba 2 yanzu ka ɗora babban yatsa a kai. Yauwa.

Gam ɗin nan yana kamawa da wuta kuma warinsa na hawa kai, a waje za ka yi aiki ko ƙarƙashin rumfa mai iska, ba sigari ba ashana. In ka gama ka rufe gwangwanin ka ɓoye, kun dai san abin da yara ke yi da sholisho a unguwa.

Darasi na 2: Wanki

Wanke inda ya yage ciki da waje da ruwa da sabulu, ka ɗauraye, ka bari ya bushe ƙayau. Sannan ka goga sanfefa kaɗan kaɗan har ƙyallin wajen ya dushe, sai ka bi da sipirit a tsumma. Gam baya kama ƙura, baya kama maiƙo, baya kama lema. Kar ka goge da kalanzir ko gas dan maiƙo suke bari.

Darasi na 3: Faci

Wannan shi ne darasin. Ko ka manta sauran kar ka manta wannan.

In yagar ta fi tsawon yatsanka, fara haɗa bakinta da basilla, ɗinki mai faɗi, kar ka ja da ƙarfi ya tattare. Auna inci 2 daga yagar ta kowane gefe, sama da ƙasa da hagu da dama, ka zana da alli. Yanka faci daidai zanen. Kusurwoyin 4 ka zagaye su da almakashi kar ka bar su da tsini, dan daga tsinin iska ke fara ɗaga faci. Shi ma facin a goga masa sanfefa da sipirit.

Yanzu shafa gam siriri a jikin rufin, cikin zanen alli. Shafa siriri a jikin facin shi ma. Gefe biyu kenan, ba ɗaya ba. Sannan ka ajiye facin gefe, fuskar gam tana kallon sama.

Ka jira.

Ɗauki biro ka rubuta wannan kalmar a littafinka da manyan baƙi: JIRA. Ja mata layi a ƙasa.

Duba agogon wayarka. In ya nuna 10:00 to ba za ka haɗa ba sai wajen 10:10 ko 10:15. In gari da lema ko hadari zai fi haka daɗewa, da hunturu kuma yakan yi sauri. Shi ya sa agogo kaɗai bai isa ba, sai ka taɓa gam ɗin da bayan yatsa, in ya biyo yatsanka yana zare bai yi ba, ka jira, in kuma ka ji ya ɗan riƙe ka amma yatsan ya fito tas babu komai a jiki, toh yanzu ya yi.

Na san abin da zuciya ke gaya maka. Tana cewa ai gam in ya bushe ya lalace, gara in manna tun yana ɗanye. Ba laifinka bane, kusan kowa haka yake zato ranar farko, kuma masu hannu sosai ma sun yi wannan. Amma irin wannan gam ɗin akwai wani ruwa mai wari a cikinsa da dole sai ya fice tukun ƙarfinsa ya fito, in ka rufe shi da faci ruwan ba shi da hanyar fita, zai zauna ciki jagab, gobe rana na dukansa facin ya kumbura ya zame. Kamar mai sauke tuwo ne bai sulala ba.

Mu sake. Shafa a rufi. Shafa a faci. Ajiye. Jira. Taɓa da bayan yatsa. Faɗa da bakinka sau 3, kar ka ji nauyin kowa.

Idan ya yi, ɗora facin daga gefe ɗaya kana bi da hannu zuwa ɗaya gefen dan kar iska ta maƙale ciki, ka saita da kyau dan in ya taɓa ya kama kenan babu gyara. Sa wani ya tara katako ta ƙasa, kai kuma ka murza kwalba a kai da ƙarfi, daga tsakiya zuwa baki. In wajen yana shan ja, kamar kusa da ƙarfen rumfa, ka bi bakin facin da ɗinki saboda zafin bazara na sassauta gam, sannan ka ɗan shafe ramukan basillar da gam. Kar ruwa ya taɓa sai gobe.

Kuma dan Allah jama'a, wannan saurin na mene ne? Ana faɗa ana maimaitawa, ina juya baya sai in ji tas an manna. Mutum zai yi awa guda a layin gidan mai bai ce uffan ba amma minti 10 na gam ya gagare shi. Wasu har hura wa suke da baki, wani kuma ya lafta gam da kauri wai dan ya fi kamawa, alhali mai kauri sama ke bushewa ƙasa na ɗanye. Kuɗinku ne fa ke tafiya, ba nawa ba. Siriri. Gefe biyu. A jira.

Darasi na 4: Robar ƙofa

Baƙar robar da ta zagaye bakin ƙofar mota ita ke tare ruwa da ƙura. In saki kawai ta yi ana mayar da ita, in ta farfashe ko ta lanƙwame sai sabuwa. Ciro ta a hankali, wata da kilif take, wata cusa ta ake a bakin ƙarfe, wata da gam. Kankare tsohon gam da tsatsa, goge da sipirit.

Fara daga kusurwar sama kana dannawa da babban yatsa. Kar ka ja ta. Robar da aka ja komawa take yi daga baya ta bar kafa a kusurwa. Mahaɗin ya faɗo a ƙasan ƙofa, ka yanke da rarar kamar rabin inci ka cusa. In mai gam ce kun san abin da zan ce, gefe biyu, a jira, a taɓa da bayan yatsa.

Kar a shafa mata baƙin mai ko giris, kumbura ta suke yi. Gilisirin ya isa.

Darasi na 5: Gwaji

Rufe ƙofa a kan takarda ka ja. In ta fito salin alin, wajen bai kama ba. Sai wani ya shiga ciki kai ka zuba ruwa da buta daga sama, ya nuna maka inda ke yoyo. Tampol ma haka, amma sai washegari.

Darasi na 6: Ledar baya

Ledar nan ta tagar bayan rufi da ake hango waje ta cikinta, in za ka wanke ta ruwa da tsumma mai laushi kawai. Banda omo, banda fetur, kar a goge ta a bushe.

Ranar aji mai zuwa kowa ya zo da guntun tampol 2 da tsumma da almakashinsa. Gam ni zan kawo.