Babi na 7: Karanta Katin da ke Ƙarƙashin Tsohon Hoto

Darasi na 1: Ku fara duban hoton

Ɗalibai, ku ajiye fensir tukuna. Wannan tsohon hoto ne irin wanda ake ajiyewa a gidan tarihi. Ginin da ke ciki yana garin Rochester, a kudu maso gabashin Ingila, bakin kogin Medway. Doguwar hasumiya ce ta dutse a cikin ganuwa. Ba ta kiran salla ba ce irin ta Gobarau da ke Katsina. Ta yaƙi ce. In abokan gaba sun keta ganuwa, nan ne mafakar ƙarshe. Tsayinta mita 34, kaurin bangonta ya kusa mita 4. Rufin ya daɗe da faɗuwa, shi ya sa ake hango sararin sama ta wasu tagogin.

Ku dubi kusurwoyin ginin. Uku a miƙe suke, ɗaya a zagaye. A 1215 Sarki Jon na Ingila ya yi wa wurin ƙawanya. Mutanensa suka haƙa rami ƙarƙashin kusurwar kudu maso gabas, suka tokare shi da itace, suka cinna wuta da kitsen aladu 40, kusurwar ta rushe. Da aka sake gina ta, sai aka yi ta a zagaye.

Darasi na 2: Shekarun da ke kan kati

Ƙarƙashin hoton akwai ɗan kati mai rubutu. Ana karanta shi daga hagu zuwa dama, daga layin sama zuwa na ƙasa. A nan ne yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Ba abin kunya ba ne.

Shekarar gini daban, shekarar hoto daban.

An fara wannan hasumiya a 1127. Ku rubuta: ɗaya, ɗaya, biyu, bakwai. Madalla. Shi kuwa ɗaukar hoto, sai a 1839 duniya ta san shi. Ke nan duk shekarar da ta gaza 1839 ba ta wannan hoton ba ce. In kun ga shekara irin 1870 a katin, ta hoto ce. In kun ga 1127, ta gini ce.

Mu maimaita da baki. 1127, ta mene ce? Ta gini. 1870, ta mene ce? Ta hoto. Ku sake. Wanda ya rikice ya dubi lamba ta biyu daga hagu: in 1 ce, gini, in 8 ce, hoto. Ku ɗora yatsa a kan littafinku, ku nuna lamba ta biyu. Ba ta farko ba, ta biyu. Ta farko 1 ce a duka biyun, ba za ta gaya muku komai ba.

Duk da haka sai a sami mai rubuta cewa an ɗauki hoton a 1127. Haba, Malam! Wa ke da kyamara a lokacin? Gaggawa ce ke jawo wannan, ba rashin ƙwaƙwalwa ba. Mai son ya riga kowa miƙa takarda, shi ke faɗawa wannan rami. Ku goge, ku sake: shekarar gini daban, shekarar hoto daban.

In kun ga harafin c da ɗigo gaban shekara, ana nufin "wajen shekara kaza". Doguwar lambar da ke can ƙasa kuma lambar ajiya ce. Wani lokaci tana farawa da shekarar da gidan tarihi ya karɓi hoton. Kada ku haɗa ta da waɗancan biyun.

Darasi na 3: Launin hoton

Ruwan ƙasan da kuke gani ba datti ba ne. Yawancin hotunan wancan zamani an buga su a takardar da aka shafa wa farin ƙwai, haske da laima kuma na sa ta koɗe. Kada ku taɓa fuskar hoto, maiƙon yatsa na barin tabo. Mutumin da ya fito dishi-dishi, motsi ya yi lokacin ɗauka.

Darasi na 4: Aiki

Ku kwafe katin a littafinku. Ku ja layi ɗaya ƙarƙashin shekarar gini, layi biyu ƙarƙashin ta hoto. A kawo gobe.