Darasi na 6: Kare Lambun Gida Daga Awaki

A cikin birnin Kano, ko a Dorayi kuke ko a Kurna, babban abin da ke ɓata lambun gida shi ne akuya, taku ko ta maƙwabta. Da rani ciyawa ta bushe, ba abin da take hangowa kore sai alayyahunku da latas da zogale. Kafin ku idar da sallar la'asar ta share fangali guda. Zogale kuwa ba ganye kaɗai take ci ba, har ɓawon take ɓarewa, itacen ya bushe a tsaye.

Saboda haka a fara da shinge, a yi shuka daga baya. Mutane da yawa suna juya abin, sai tsiro ya fito sannan su tafi neman kara.

Dangar kara ita ce mafi araha, amma gara na cin gindinta, kusan kowace shekara sai an sabunta. Wanda yake da hali ya sayo wayar kaji a kasuwar Kofar Ruwa, ya kafa dirkoki masu ƙwari. Tsayin shingen ya kai ƙafa 5. A Amurka, inda barewa ce ke shiga lambun mutane, ƙafa 8 suke yi don ta fi tsalle. Ita akuya wayo ta fi. Takan ɗaga ƙafafun gaba ta dafa danga, ta yi ta goga jiki har karan ya kwanta. Kada ku bar turmi ko bulo ko tarin itace kusa da shingen, tsani kuka ajiye mata. Ku duba ƙasan kuma, nan ɗan akuya da kaji suke kurɗawa. A binne bakin wayar, ko a jera ƙayar magarya.

Wasu na dasa bini-da-zugu a matsayin shinge, don dabbobi ba sa cin sa. Sai dai 'ya'yansa guba ne, gidan da ke da ƙananan yara a yi hattara.

Dashen zogale ko gwanda guda ɗaya, a zagaye shi da bulo ya wadatar.

Sau da yawa ta ƙofa akuya ke shiga, an aiki yaro ban ruwa ya fito ya bar ta a buɗe. Ku yanko roba daga tsohon tub na babur, ku ɗaure tsakanin ƙyauren da dirka, yadda zai riƙa rufe kansa.

In akuyar maƙwabci ta yi ɓarna, kada ku dake ta, balle ku sa mata magani. Ku ɗaure ta a inuwa, ku kira mai ita ya ga ɓarnar da idonsa. In abin ya ƙi ƙarewa, a kai wa mai unguwa.

Aikin gida: ku auna zagayen lambunku da takun ƙafa, ku rubuta adadin a littafinku, ku zo da shi mako mai zuwa mu lissafa yawan wayar da za ku buƙata.