Ga ƙannena masu jifan guduma da ke shirin fita waje

Shekara uku ke nan da na dawo Yamai na zauna, kuma a cikinsu babu shekarar da wata yarinya ba ta tare ni a bakin filin wasa na Janar Seyni Kountché ba, tana rawar jiki, ta ce mini wani kulob na Turai ya kira ta ko an yi mata alkawarin sansanin horo. Kafin dawowata na daɗe a Faransa ina tarbar irinsu a tashar jirgin ƙasa, ina kallon su suna faɗawa ramin da ni na fara faɗawa lokacin da na baro Tawa da jaka ɗaya da takalmin jifa na aro. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga kowace a tsaye cikin rana, shi ya sa na rubuta ta, domin wadda za ta tafi ta karanta, ta kuma karanta wa iyayenta.

Abubuwan da kuka fi tambayata su ne mafi sauƙi. Sanyi ana saya masa riga, kuma bayan wata biyu jiki yana sabawa. Faransanci kun koya a lakwal, abin da ya rage kunne ne. Abinci kuwa akwai shagunan 'yan Afirka a kowane babban gari, sai dai kada wadda ta sa kilishi a jaka, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama, kuma na ga yarinyar da ta yi kuka a filin jirgi a kan kilishin da innarta ta haɗa mata. Ku tafi da yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa, sun ishe ku.

Abin da nake so ku fara fahimta shi ne girman wasan da kuka shiga. Gudumar mata, wadda a fili muke kira marto, kilo 4 ce, ƙwallon ƙarfe da waya da mariƙi, ana jefa ta daga da'irar da faɗinta mita 2.135 ne, cikin keji, bayan juyi uku ko huɗu. Mata ba su daɗe da samun wurinsu a manyan gasanni ba: a 1999 aka fara sa wasan a gasar duniya, a birnin Sebil na Sifen, inda Mihaela Melinte ta Romaniya ta ci, sannan aka sa shi a Olamfik ta Sidni a 2000, inda Kamila Skolimowska ta Polan ta ɗauki zinariya tana da shekara 17. Wata 'yar Polan ɗin, Anita Włodarczyk, ita ke riƙe da bajintar duniya ta mita 82.98 tun watan Agusta na 2016, ta kuma ci Olamfik sau uku a jere. A yanzu Camryn Rogers ta Kanada ce a gaba, wadda ta ci gasar duniya a Budafes a 2023, ta ci Olamfik a Faris a 2024, ta sake cin gasar duniya a Tokiyo a 2025 da jifan da ya haura mita 80. A irin wannan gasa jifa uku kawai ake ba kowace a zagayen share fage, goma sha biyu su wuce, sannan bayan wasu jifa uku a tace takwas. Mace za ta yi shekara huɗu tana horo, ƙafarta ta taɓa saman bakin da'ira sau biyu, guduma ta bugi ragar keji sau ɗaya, shi ke nan an gama da ita kafin ta yi gumi.

Mu nan Yamai sai 'yan ƙwallo sun tashi muke samun fili, saboda guduma tana haƙa ciyawa, kuma ni kaina ban taɓa kusantar mita 60 ba ko a lokacin da nake ganiyata. Mizanin shiga Olamfik ta Faris kuwa mita 74 ne. Ina faɗin wannan ne saboda wata ta taɓa ce mini ai Nijar tana da gurbin kyauta a kowace gasa. Gurbin da ake ba ƙasar da ba ta da wanda ya cika mizani yawanci a gudu ake ba da shi, mai jifa ba ta dogara da shi. Ko dai ki kai mizani, ko matsayinki a jerin duniya ya shigar da ke, kuma duka biyun ba sa lissafa jifan da kika yi a horo ko a wasan unguwa. Sai gasar da aka yi wa rajista a kalandar hukumar wasannin guje-guje ta duniya, da alƙalai, da gudumar da aka auna a sikeli, da sunanki a rubuce daidai da yadda yake a lasisinki na hukumar wasanni.

A nan ne maganar takardu take farawa, kuma tun daga gida take farawa. Da yawa daga cikinmu ba a asibiti aka haife mu ba, takardar haihuwarmu ta kotu ce da aka yi lokacin shiga makaranta, kuma magatakarda ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Sai ki ga Hadiza a takardar haihuwa, Hadizatou a fasfo, sannan a lasisin hukuma an sa sunan uba a gurbin sunan yanka. A wajenmu duk mutum ɗaya ce, kowa ya san ɗiyar wane ce. A kwamfutar masu shirya gasa kuwa mutum uku ne, kuma jifan da ɗaya ta yi ba ya shiga lissafin ɗayar. Na yi kakar wasa guda ina jifa a ƙarƙashin suna biyu ban sani ba, sai da kocina ya nemi sakamakona ya tarar an raba shi gida biyu. Kafin ki sayi tikiti, ki baje takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da fasfo da lasisi a kan tabarma, ki bi su harafi bayan harafi, har da ranar haihuwa. Wanda ya saɓa, a gyara shi a nan inda kike da kawu da zai raka ki ofis. Wadda kuma wani ya ba ta shawarar rage shekaru domin ta shiga gasar 'yan ƙasa da 20, ta sani cewa takardar makarantarta tana nan, kuma ranar da aka haɗa su biyun ita kaɗai za ta amsa tambaya.

Biza iri biyu ce, kuma masu kiran ku ba kullum suke bambanta muku ba. Ta gajeren zama kwana 90 ce cikin kwana 180, ta dace da gasa ko sansani, ba a zama da ita. Duk wanda ya ce miki ki zo da ita, in kin iso za a gyara, ki nemi ya rubuta miki yadda za a gyara ɗin, za ki ga ya canza magana. Wadda za ta yi kaka ko shekara tana bukatar bizar dogon zama tun daga farko, da wasiƙar kulob ko ta makaranta da ta faɗi wanda zai ɗauki nauyin kwana da ci da inshorar lafiya. Tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, hanyar da mu muka bi ba ta nan yadda take, saboda haka kada ki ɗora shirinki a kan labarin yayarki da ta tafi shekara goma da suka wuce.

Ni da bizar dogon zama na shiga, komai nawa daidai, abin da ya kayar da ni ɗaki ne. Masu gidaje a can suna neman takardar albashi da wanda zai tsaya miki, ni kuwa ba ni da ko ɗaya, sai aka haɗa ni da wani dattijo ɗan ƙasarmu da ke da ɗaki a gidansa. Baba nake ce masa. Ya karɓe ni hannu biyu, matarsa tana ajiye mini tuwo idan na yi dare a horo, ina ba shi kuɗin haya a hannu kowane farkon wata, ba rasit, ba yarjejeniya. Kunya ba ta bar ni na nemi takarda a wajen mutumin da ya girmi mahaifina ba, kuma a raina ina ganin neman ta ma rashin tarbiyya ne.

Da lokacin sabunta takardar zama ya matso, ofishin ya nemi shaidar inda nake kwana: ko yarjejeniyar haya da sunana, ko wasiƙar mai masauki da kwafin katinsa da takardar wuta. Na same shi bayan sallar isha'i, na durƙusa na yi masa bayani. Ya yi shiru, yana jan carbi, sannan ya ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri. Gidan nan na hukuma ne, ba a yarda in ba da haya ba. In na sa hannu, tsoro nake a bincika a kore mu." A lokacin ne na gane cewa wata goma na yi ina biyan kuɗin ɗakin da a takarda ba na cikinsa. Ban ga laifinsa sosai ba, yana da 'ya'ya huɗu, amma ya san da wannan tun ranar da ya miƙa mini makulli, bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Kafin na samu wata baiwar Allah ta yarda ta rubuta mini wasiƙa, takardata ta ƙare, ranar ganawar da aka ba ni kuma ta faɗo bayan wata biyu. A cikin wannan tsakanin aka kira ni daga gida cewa an sa sunana cikin masu zuwa gasar Afirka, abin da na yi shekara shida ina jira. Fita ba ta da wuya, dawowar ce ba ni da takardarta, kuma kulob ya gaya mini a fili cewa idan na maƙale a waje gurbina ya tafi. Na kwana uku ina lissafi, na kira innata a Tawa ta ce in yi abin da ya fi mini alheri, na zauna. A wayar hannu na bi sakamakon, a ɗakin nan dai, kuma ba a sake kirana ba. Saboda haka ku fara haɗa takardun sabuntawa tun saura wata huɗu, kuma ku san cewa rasit ɗin da ake ba mai neman takardar zama karon farko ba ya mayar da mutum Faransa idan ya fita, na sabuntawa ne ke yin haka idan an haɗa shi da tsohon katin. Yara uku na gani sun rikita waɗannan biyun.

Adireshi yana da wani aiki da ba ku zata ba. 'Yar wasan da ta kai matakin da aka sa ta cikin jerin waɗanda ake yi wa gwajin ƙwayoyi dole ta riƙa sanar da inda take kwana, ta kuma ware sa'a ɗaya kowace rana da za a same ta a wuri sananne. Kuskure uku cikin wata 12 laifi ne da ke iya jawo dakatarwa har shekara biyu, ko da jininta tsaf yake. Mai kwana yau a gidan wannan gobe a gidan wancan ba za ta iya riƙe wannan ba. Ku dubi abin da ya samu Annette Echikunwoke, haifaffiyar Amurka da ta zaɓi yi wa Najeriya wasa, ta kafa bajintar Afirka da mita 75.49 a 2021. Ta isa Tokiyo domin Olamfik, sai aka hana ta shiga tare da wasu 'yan Najeriya tara, ba a same su da shan komai ba, adadin gwajin ba-zata uku da doka ta wajabta cikin wata goma kafin gasar ne bai cika ba. Ta koma yi wa Amurka wasa, ta ci azurfa a Faris a 2024 da mita 75.48. Idan takarda ta iya tsayar da mai jifan mita 75 a ƙofar fili, ke da kike mita 50 ki riƙa tambayar hukuma da kanki abin da aka aika da wanda ba a aika ba, ki ajiye kwafin komai. Tramol kuma, wanda ake sayarwa a tire a kasuwanninmu, ya shiga jerin abubuwan da aka haramta lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024, kuma jiƙon da aka ba ki daga gida ba ki san abin da ke cikinsa ba.

Za a samu mai raɗa miki cewa ki canza ƙasa kawai. Dokar hukumar duniya ta sa jiran shekara uku, ba a yi kafin shekara 20, kuma sai da cikakkiyar takardar zama ɗan ƙasa. Ba na zagin wadda ta yi, kowa ya san inda takalminsa ke matsa masa, amma Aminatou Seyni da rigar Nijar ta zo ta huɗu a tseren mita 200 na gasar duniya a Yujin ta Amurka a 2022, kuma ranar duk wanda na sani sai da ya kira ni.

Mutanenmu na waje suna da kirki, wannan ba na jayayya a kansa. Su suka yi mini karo-karon kuɗin lauya, su suka cika mota suka zo kallona ranar da na yi jifana mafi nisa, wata tsohuwa 'yar Maradi tana guɗa a cikin sanyi har alƙali ya juyo. Ki neme su tun makon farko, ki je suna da ta'aziyya, ki ba da naki idan ana tarawa. Amma ranar da ɗayansu ya nuna miki ɗaki, ki gaishe shi da ladabi, ki ce, "Baba, da sunan wa gidan yake, kuma za ka iya rubuta mini takarda?" Idan ya kawar da kai, ki yi godiya ki ci gaba da nema. Wadda za ta tafi bana ta same ni a fili ranar Asabar da safe, bayan 'yan ƙwallo sun tashi, ta zo da takardunta huɗu a cikin leda.