Yadda na gyara taron ƙungiyarmu

Ƙungiyarmu ta teloli kan zauna duk ƙarshen wata, a yi ta magana daga la'asar har magariba, a watse ba a zartar da komai ba. Kowa sai ya ce "za a yi", amma wa zai yi?

Da aka ba ni sakatare, na sayi littafi, na raba kowane shafi gida uku: aiki, mai yi, rana. Ba a barin magana sai an rubuta sunan mutum. Zama na gaba, ana shafa addu'a, littafin nake fara karantawa. Dattawan da ba su karanta boko kuwa, saƙon murya nake tura musu ta WhatsApp.

Kuɗin janareton da muka daɗe muna ja-in-ja a kansu, ma'aji ya tattaro su kafin Babbar Sallah.