Yadda ake saka alam ɗin hayaki a gida, da yadda za a kula da shi kar ya zama ado

Jama'a da zarar hunturu ya kama to lokacin gobara ya zo a wajenmu, iska ta bushe komai ya bushe, ga kaskon gawayi ana shiga da shi ɗaki, ga hita da ake mantawa cikin bokiti idan an ɗauke wuta sai NEPA ta dawo da ita tsakar dare kowa na barci. Kuma yawancin mutane na ɗauka wai idan wuta ta kama ai warin hayaƙi zai tashe su. Ba ya tashin mutum fa. Mai barci hancinsa ba ya aiki irin na ido biyu, sannan iskar gubar da ke cikin hayaƙin ƙara nauyin barcin take, shi ya sa a gobarar dare galibi hayaƙi ne ke kashe mutane tun kafin wutar ta iso gare su. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu a Ƙauran Namoda a wata gobara ta cikin dare, Allah ya jiƙansu. A Amurka ƙungiyar NFPA mai bin diddigin gobara ta ce kusan mutum 3 cikin 5 da ke mutuwa a gobarar gida, gidan ko babu alam ko kuma akwai shi amma ba ya aiki. Wannan na biyun, wato akwai shi amma ba ya aiki, shi ne abin da ya fi damuna, don ni a ganina shi zai fi samun mu.

Na'urar ƴar ƙarama ce, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, ana kafa ta a silin, in ta ji hayaƙi sai ta fasa ƙara mai ƙarfin desibel 85 a ma'aunin sauti, wadda ko mai nauyin barci da wuya ya share ta. Kala biyu ne a kasuwa. Akwai mai aiki da haske, a cikinta akwai ɗan haske da wani ido da ke kallon gefe, idan hayaƙi ya shiga sai ya watsa hasken ya faɗa kan idon, shikenan sai ƙara. A kwalinta za ka ga an rubuta optical ko photoelectric. Ɗayar kuma an rubuta ionization, ita tana da ɗan ƙanƙanin sinadarin americium-241 a ciki, ta fi saurin jin wuta mai ci bal-bal amma kuma ta fi yawan ihun banza, ko albasa aka soya ta ɗan ƙone sai ta tashi. Gaskiya don gidajenmu mai hasken zan ce a saya, saboda ta fi kama wutar da ke cin ƙasa-ƙasa, irin katifar soso da igiyar leƙo ta faɗa mata ko waya da ke narkewa a cikin silin, kuma irin wutar nan ce ke cin mutane da dare.

Kafin ka biya kuɗi juya bayanta. Ka nemi lambar shaidar inganci, EN 14604 idan ta Turai ce ko UL 217 idan ta Amurka ce, sannan ka duba ranar da aka ƙera ta, don shekara 10 ne ranta kuma daga ranar ƙira ake lissafi ba daga ranar da ka saya ba. A nan ne kayan gwanjo ke cutar mutane, sai ka ga abu fes kamar sabo amma ya shekara 12, irin wannan ko kyauta aka ba ka ka ce na gode ka bar shi. Haka kuma masu haɗawa da wayarin gida da ake kawowa daga Amurka na wuta 120 ne, tamu kuwa 230 ce, kana jonawa za ta ƙone. Dama da yanayin wutarmu mai batir ta fi kwanciyar hankali. Akwai mai batir ɗin 9V ɗin nan mai kusurwa huɗu, akwai mai AA, akwai kuma wadda aka rufe batir ɗin litiyam a ciki da zai kai shekara 10 ba a canzawa. In da hali ɗauki ta ƙarshen, dalili ɗaya ma ya isa: ba wanda zai zare batir ɗin ya sa a rimot ko tocila.

Toh ina za a kafa. Hayaƙi sama yake yi ya bi silin ya bazu, don haka silin ne wurinta, wajen tsakiyar ɗaki, a bar aƙalla santimita 30 tsakaninta da bango ko ƙwan fitila, saboda can kusurwa iska ba ta motsi hayaƙin ba ya saurin shiga. Matsalar ita ce tsakiyar silin ɗinmu fanka ce a wurin, kuma fanka kore hayaƙin take, sai ka matsa gefe ka bar kamar mita 1 daga bakin fiffiken fankar. Kar a sa ta dab da taga ko gaban AC. Idan silin ɗin ba zai yiwu ba, ko ɗakin ma ba silin sai kwano tsirara, a sa a bango can sama, kar ta sauko fiye da santimita 30 daga sama.

Idan guda ɗaya kawai ka iya saya, sa ta a koridon da ɗakunan barci ke buɗewa cikinsa. In biyu ne ƙara ɗaya a falo, wurin talbijin da cajoji da soket ɗin da aka loda wa kaya. Gidan bene kowane hawa da tasa, ɗaya a saman matakala. Ɗakin da ake rufe ƙofa a kwana, musamman na yara ko na tsofaffi ko wanda ake cajin waya a kan katifa, ya samu tasa a ciki. Kar a manta da inda aka jera batiran sola da inbata, sau da yawa lungu ne da ba mai leƙawa. Gidan gargajiya mai sassa da tsakar gida kuwa, alam ɗin da ke sashen uwargida ba lallai maigida ya ji shi daga turaka ba, nan ne masu haɗin kai ba waya ke da amfani, ɗaya na tashi duk sauran su tashi.

Kicin da banɗaki ba a sa ta, tururi da hayaƙin suya za su sa ta ihu kullum. A bar mita 3 tsakaninta da murhu ko risho ko gas. Kicin akwai nasa daban mai jin zafi ba hayaƙi ba, yana tashi idan zafi ya kai wajen digiri 58.

Yanzu maganar turaren wuta, don na san hajiyoyi na jira. Eh zai tashe ta, babu makawa, musamman in an rufe ɗaki an zuba shi da yawa a kasko ko bona. Kuma a nan ne ake kashe na'urar, ranar farko a yi dariya, ranar ta uku a ce wannan abu ya ishe mu a hau kujera a cire batir, shikenan ta koma ado a silin har ranar da ba a fata. Don Allah Hajiya kar ki cire. Ki sayi mai madannin yin shiru, kina dannawa za ta yi shiru na wajen minti 10 sannan ta koma aiki da kanta, ki ajiye sandar mofa kusa don dannawa, ki buɗe taga. In kuma ɗakin kullum ana turare safe da yamma, gara a fitar da ita koridon bakin ƙofar da a bar ta ciki ba batir. Masu ɗaura mata leda lokacin turare ko fenti su ma sai su tuna su cire, nan ma ana mantawa.

Kafawar kanta ba wani aiki ba ne, minti kaɗan. Murɗa bayanta farantin gindin zai fita, ɗora shi a silin ka yi alamar ramuka biyun da fensir, ka huda. In silin ɗin na kankare ne sai da diril da fisha, wato ƴan robobin da ake cusawa a ramin su riƙe sukuru, yawanci fishar na zuwa a kwalin tare da sukurori. In POP ne ko PVC ko silin kwali ka lalubo inda katako ko ƙarfen riƙo yake, ka yi hattara da wayoyin wuta da ke bi ta sama, kashe wutar gidan tukuna ya fi. Ɗaure farantin, sa batir ko ka zare ɗan harshen ledar da ke tare shi, murɗa na'urar ta zauna daram. Wasu na zuwa da murfin ƙura mai launi, a cire shi, in yana kai ba za ta ji komai ba. Masu haya da maigida ya hana huda silin akwai faifan maganaɗisu mai gam, sai dai zafin Afrilu na sakin gam, a riƙa dubawa. Rubuta ranar da ka kafa a gefenta da maka.

Gwaji sau ɗaya a wata, danna madannin ka riƙe har sai ta yi ƙara. Ka haɗa shi da wani abu da ba ka mantawa, ranar albashi ko Juma'ar farkon wata. Gwajin farko a yi shi kowa na gida, wani ya shiga ɗaki na can ƙurya ya rufe ƙofa ya kunna fanka a ga ko yana ji, kuma yara su san ƙarar don kar ranar gaske su ɓuya ƙarƙashin gado. Yara ƙanana sau da yawa ƙarar ba ta tashe su, don haka a san wa zai ɗauko wa. Kar ka kusanta mata ashana ko laita da sunan gwaji, roba ce za ta narke, in kana son ganin tana jin hayaƙi da gaske hura kyandir ka kashe ka bar hayaƙin ya tashi zuwa gare ta daga nesa.

Batir na 9V ko AA a canza duk shekara ko da bai nuna alama ba, kuma a sa alkalin mai kyau ba na arha da ke zubar da ruwa ba, zafin ɗakunanmu na cinye batir da wuri. Idan ka ji tana ɗan yin ƙit sau ɗaya duk bayan daƙiƙa 30 zuwa 60, ba gobara ba ce batir ne ya yi ƙasa, kuma ta fi fara yin haka da asuba saboda sanyi na rage ƙarfin batir. In ka sa sabo ta ci gaba, duba shekarunta, mai yiwuwa ranta ne ya ƙare.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabarta a arewa. Ƙurar hunturu da yanar gizo da ƙananan ƙwari na shiga ciki, ko su sa ta ihu ba dalili ko su toshe ta. A sauke ta a share ramukan gefen da busasshen buroshi mai laushi, ko injin zuƙe ƙura in akwai, kafin hunturu da bayansa. Ban da ruwa, ban da fesa mata maganin sauro, ban da fenti.

Abu biyu da ba ta ji, kuma mutane na zaton tana ji. Ba ta jin gas ɗin girki in yana zuba, shi na'urarsa daban kuma ƙasa ake sa ta don gas ɗin silinda ya fi iska nauyi. Ba ta kuma jin kabon monoksaid, gubar nan da ba ta da launi ba wari da janareto da gawayi ke fitarwa, wadda muke jin labarin iyali guda sun kwanta ba su tashi ba. Ita ma da nata alam ɗin, a nemi mai EN 50291 ko UL 2034 a sa kusa da wurin barci, janareto kuma waje, mita 6 daga taga da ƙofa in fili ya bari, ba a baranda ko ƙarƙashin matakala ba don tsoron ɓarayi.

In ta tashi da dare lokacin da kake da shi bai fi minti 2 zuwa 3 ba, kujeru da katifun soso na ci da sauri. A tashi kowa, a sunkuya ƙasa-ƙasa inda iska ta fi kyau, a taɓa ƙofa da bayan hannu kafin a buɗe, in da zafi a bi wata hanya, a rufe ƙofofi a baya. A nan ne ƙarafan tagoginmu ke zama tarko, a sa mai walda ya gyara ko taga ɗaya a ɓangaren ɗakunan barci ta riƙa buɗewa daga ciki, makullinta da na ƙofar waje su zauna wuri ɗaya da kowa ya sani ko a cikin duhu. A haɗu a wuri guda a waje a ƙirga kai, ba mai komawa ɗauko takardu ko waya, sannan a kira ƴan kwana-kwana, 112 a Najeriya, 18 a Nijar, kuma ka nemi lambar ofishinsu na garinku ka ajiye a wayar kowa a gidan.