Babi na 6: Gwangwanin Alminiyum da Ware Sharar Gida

Gwangwanin da aka sha lemo aka yar kaya ne mai kuɗi, muddin na alminiyum ne, ƙarfen da wasu ke kira goran ruwa. Dalilin da ya sa ake sayensa shi ne wahalar samar da sabon alminiyum. Ana haƙo shi ne daga wata jar ƙasa mai suna bokzait, wadda ake samu da yawa a Gini da Ostareliya, kuma sai an sarrafa wajen tan 4 na wannan ƙasa kafin a fitar da tan 1 na ƙarfen, da wutar lantarki mai yawan gaske. Narkar da tsohon gwangwani kuwa yana cin kashi 5 cikin 100 ne kacal na wannan makamashi. Ga shi kuma ko sau nawa aka narka alminiyum ba ya lalacewa. Shi ya sa masana'antu ke nemansa, masu saye kuma suke biya.

Gane na alminiyum da na baƙin ƙarfe

Ku nemi maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, ko da na jikin tsohuwar lasifika ne. Ku ɗora shi a gefen gwangwani. In ya manne, baƙin ƙarfe ne. In ya zame ya faɗi, alminiyum ne. A gefe ake gwadawa, ba a saman ba, domin akwai gwangwanayen abin sha da jikinsu baƙin ƙarfe ne amma murfinsu alminiyum, kuma a nan ne sababbin shiga suke ruɗewa. Ido ma yana taimakawa: na alminiyum ba shi da nauyi, yana lotsewa da matsi kaɗan, ba ya tsatsa, jikinsa da gindinsa guda ne babu haɗi. Yawancin gwangwanayen abinci na baƙin ƙarfe ne. Su ma ana sayensu, sai dai farashinsu ƙasa yake sosai, don haka buhunsu daban.

Wannan rarrabewa ita ce tushen sana'ar. Duk buhun da aka cakuɗa, mai saye zai yi masa kuɗi ne a kan mafi arhar abin da ke ciki, ko ya rage kuɗin aikin tsincewa da zai sa a yi.

Tsiyayewa, shanya da latsewa

A fara da kife gwangwani a tsiyaye abin da ya rage. In akwai danƙon sukari sai a ɗauraye da ruwa kaɗan. Ruwan da ya rage bayan wanke-wanke ma ya isa, babu buƙatar ɓarnar mai tsabta. Sukarin da aka bari yana jawo kiyashi da ƙuda da rina, kuma buhun yana tsami cikin 'yan kwanaki. Bayan haka a shanya su a kife har su bushe ƙayau.

Bushewar nan kada a raina ta. Gwangwani mai cin mililita 330 nauyinsa giram 13 zuwa 15 ne. Ƙaramin cokali ɗaya na ruwa giram 5 ne. Ke nan in kowane gwangwani ya riƙe cokali ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa an ƙara shi da ruwa. Masu saye sun san wannan lissafi sarai, shi ya sa da sun ji danshi suke zaftare nauyi, wani lokaci fiye da yadda ruwan ya kai. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan girma. Alminiyum yana narkewa ne a zafin digiri 660 na ma'aunin Salsiyas, kuma idan ruwa ya shiga narkakken ƙarfe yakan koma tururi nan take ya fashe, ya watsa ƙarfen a jikin ma'aikata. Masu cusa yashi ko tsakuwa a gwangwani don ya yi nauyi su sani cewa ha'inci ne, kuma ba ya ɓoyuwa: mai saye yana ɗaga buhu ya ji nauyin bai dace da girmansa ba, daga ranar kuma ba zai sake yarda da kayansu ba.

Latsewa ba ta ƙara nauyi, wuri take ragewa, ta yadda buhu ɗaya zai ɗauki ninkin abin da yake ɗauka sau biyu ko uku. A kwantar da gwangwani a ƙasa mai tauri, a taka tsakiyarsa da takalmi mai kaurin ƙasa, sannan a naɗo bakin da gindin su kwanta a kai. Ba a yi da ƙafa tsirara, ba a yi da hannu babu safar hannu, don yagaggen alminiyum yana yanka kamar reza. Ɗan zoben da ake ja a buɗe gwangwani a bar shi a jiki. Ana yawan cewa ya fi jikin tsada, amma shi ma alminiyum ne, kuma nauyinsa bai kai rabin giram ba.

Akwai inda ba a latsewa. A ƙasashe irin su Jamus, da wasu jihohin Amurka, ana ɗora kuɗin ajiya a kan kowane gwangwani, a mayar wa mutum idan ya kawo shi. Na'urar da ke karɓa tana karanta zanen lambar da ke jikinsa, kuma in ya lotse ba za ta karɓa ba. Saboda haka a fara tambaya: da kilo ake saye ko da ƙidaya?

Lissafi a gaban sikeli

Gwangwani kusan 70 ne ke yin kilo 1. To 350 za su ba da kilo 5, 700 kuma kilo 10. Wanda ya riƙe wannan a kansa zai iya kimanta kayansa tun daga gida. Kafin a ɗora buhu, a duba a ga allurar sikeli ko lambarsa tana kan sifili. A auna buhun wofi, don a san abin da ya kamata a cire, kada a cire fiye da shi. A ji farashin kilo tun kafin awo, sannan a ninka shi da nauyin. Farashin yana hawa da sauka tare da kasuwar ƙarfe ta duniya, kuma mai kawo kaya da yawa a lokaci guda ya fi samun damar ciniki, don haka tarawa ta fi kai kaɗan-kaɗan, in akwai busasshen wurin ajiya.

Wasu sukan so su narka gwangwanin da kansu. Ba mu ba da wannan shawara. Gwangwani siriri ne, ga fenti a waje ga shafe a ciki. A wutar da ba a killace ba, kaso mai yawa yakan ƙone ya zama toka da kashin ƙarfe, hayaƙin kuma yana cutar da huhu. Haka nan ƙona waya don fitar da ƙarfen cikinta.

Sauran kayan gida

Tsofaffin tukwane da farantan alminiyum da takardar alminiyum ta naɗe abinci, kowanne ajinsa daban da na gwangwani, a ware su. Robobi suna da lamba a gindi cikin alamar kusurwa uku: lamba 1, wato gorar ruwan sha da ta lemo, da lamba 2, wato jarkoki masu kauri, su aka fi saye. Takarda da kwali a daddale su a ɗaure, a kiyaye su daga ruwa da maiƙo, don jiƙaƙƙen kwali yana ruɓewa. Kwalba ita kaɗai take tafiya. Kada a haɗa ta da madubi, ko tangaran, ko ƙwan lantarki, saboda zafin narkewarsu ba ɗaya ba ne kuma sukan ɓata aikin gaba ɗaya.

Abubuwa uku suna da haɗari. Gwangwanin feshi, na turare ko na maganin sauro, kada a huda shi, kada a taka shi, kada a kai shi kusa da wuta, ko da ya yi kamar ya ƙare, don akwai sauran iska mai kama wuta a ciki. Batirin waya da na kwamfuta kuma in aka matse shi ko aka huda shi yana iya kamawa da wuta a cikin buhu. A rufe bakinsa da salatif, a ajiye shi shi kaɗai, a kai wurin da ke karɓar batir. Mazubin maganin ƙwari na gona kuwa kada a sa masa ruwan sha ko abinci, komai wankinsa.

Aikin gida

Ku tara gwangwani 20, ku gwada kowanne da maganaɗisu a gefe, ku rubuta nawa ne na alminiyum, nawa ne na baƙin ƙarfe. Sannan ku lissafa: idan gida yana tara gwangwani 35 a mako, mako nawa zai ɗauka kafin ya cika kilo 5?